Mega takwas da tiya 120: abin da wayar ɗan Kawu ta koya mini

Yau laifin kaina na zo in faɗa, don ƴan uwana ma'aikatan rediyo da matasan da ke riƙe da shafukan labarai na garuruwanmu, tun daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, kada wani ya sake taka inda na taka.

Shekara 11 ke nan ina gaban mikro. Cikin shirye-shiryen da nake gabatarwa akwai na farashin kasuwa, inda nake karanto kuɗin tiyar hatsi, dawa, wake, gujiya, riɗi da aya a kasuwannin jihar Maraɗi. Shiri ne da ba ya da kiɗa, ba ya da ban dariya, amma ranar da na makara da minti biyar sai wayata ta ɗau zafi.

A 2022 gidan rediyonmu ya samu sabuwar kwamfuta, ni kuma na samu ɗan horo na kwana biyar kan tsara shafi. Na dawo da zumuɗi. Na ce wa abokan aiki lokaci ya yi da mu ma za mu shiga zamani: za mu riƙa fitar da ƴar jarida kowane mako mu tura ta WhatsApp, mu kuma buɗe shafinmu na intanet. Na kwana uku ina aiki. Na sa tambarin gidan rediyo babba a sama, na sa hoton sutudiyo, na sa launin tutar ƙasa a gefe da gefe. Shafi na ɗaya jawabin edita ne da Faransanci, irin wanda in mushenmu na lise ya gani zai ba ni 16 bisa 20. Shafi na biyu da na uku hotunan taro. Teburin farashi, wato abin da mutane ke nema, yana can shafi na biyar, da ƙananan lambobi cikin layuka bakwai. Duka na haɗa a PDF, nauyinsa ya tashi mega takwas.

Yabo kam na sha. Abokai daga Yamai da Maraɗi suna ta turo alamar tafi. Wani ya rubuto mini cewa sai ka ce jaridar ƙasar waje. Wallahi ranar har abinci ya fi mini daɗi.

Bayan kaka na tafi suna a ƙauyen su innata, can tsakanin Gazawa da Gangara, inda sai ka bar kwalta ka shiga rairayi da kabu-kabu. Bayan an watse, Kawuna, yayan innata, ya kira ni gindin gawo. Manomin aya ne da wake. Ya ce: "Ɗan nan, wanga abu da kuke turowa cikin waya, mi ke ciki ne?"

Na ce: "Kawu, ai jaridarmu ce. Duk farashin da kuke ji a rediyo yana ciki, har da ƙari."

Ya ce: "To mu dai zobe muka gani yana ta juyawa."

Sai ya ba ni labari. Makon da zai sayar da aya, ranar shirin nawa yana gona, bai ji ba. Da dare ya sa ɗansa ya duba a waya. Yaron yana da Tecno ƴar hannu ta biyu, gilashinta ya tsage. Ya hau tudun bayan gari inda rezo ke ɗan kamawa, ya danna. Zobe ya yi ta juyawa, ya kai rabi ya tsaya, ya sake, ya sake, har ƴan megan da ya saya suka ƙare. Washegari wani mai awo ya shigo garin da amalanke da kuɗi a hannu. Kawu ya sayar masa da tiya 120. Bayan kwana biyu da ya shiga kasuwa ya tarar kowace tiya an rage masa dala 20. Ku lissafa: jika 12. Ga mutumin da ke da ƴaƴa uku a lakkwal, wannan kuɗin littattafai ne da takalma, har da saura na magani.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi: "Da ka faɗa da bakinka, kamar yadda ka saba, da mun ji."

Na karɓi wayar yaron, na sa kiredi da kuɗina, na hau tudun nan da kaina. Na fi minti 20 kafin jaridata ta sauka. Da ta sauka sai wayar ta ce ba ta da abin buɗe irin wannan takarda. Na gwada shafinmu na intanet, hotunan nan masu zamewa ɗaya bayan ɗaya da nake alfahari da su suka tsaya fari fat. A nan na gane duk kwalliyar da na yi, a kan kwamfutar ofis na yi ta, cikin gari, kusa da eriya, ga wuta ga fanka. Ban taɓa tambayar kaina a wace waya za a buɗe ta ba, a kan wane tudu, da megan wa.

Na daɗe ina tunanin abin da ya kai ni ga haka. Gaskiyar magana, lakkwal ce ta bi ni har cikin aiki. Mu da muka yi karatu da Faransanci an koya mana gabatarwa, sannan bayani, sannan kammalawa. Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa a ƙarshe, bayan ka nuna ka iya. Mun taso muna ganin takarda mai yawan shafi da hatimi ita ce takardar kirki. Shi ya sa ba Kawu nake rubuta wa ba. Abokan karatuna nake rubuta wa, su gani su ce wane ya iya. Alhali rediyo ta riga ta koya mini akasin haka tun ranar farko: in za ka karanta cigiyar yaro, ba ka fara da tarihin gidan rediyo. Suna, shekaru, kalar riga, inda aka gan shi ƙarshe, lambar da za a kira. Shi ke nan.

Kada wani ya ɗauka jika 12 na Kawu ƙaramin abu ne da ya tsaya gida guda. Wata mai bincike, Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa gari bayan gari. A sakamakon da ta fitar a 2010 ta nuna cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Yawancin wayoyin wancan lokacin ba su da hoto, ba su da launi. Kira ne kawai: nawa ake sayarwa a wurinku? Labari ɗan ƙarami, in ya isa kan lokaci, kuɗi ne a aljihun mutum. In ya makale a shafi na biyar, kuɗin ya tafi aljihun wani.

Da na koma bakin aiki na tara abokan aiki na ce mu yi wa jaridar sassabe. Ƴan Agye sun san abin da nake nufi. Sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980 har garuruwa irin su Ɗan Saga suka yi suna da shi, ai ba shuka sabon icce ba ne. Kututture ne ya tsiro da rassa goma, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran don waɗanda ka bari su girma. Haka muka yi.

Abu na farko da muka sare shi ne PDF. Yanzu farashi yana fita ne a rubutu tsirara cikin saƙon WhatsApp, layi ɗaya kaya ɗaya: sunan kasuwa, sunan kaya, kuɗin tiya. Rubutu ba ya da nauyi. Wannan dogon bayanin da kuke karantawa yanzu, duk tsawonsa, ko kusa da kashi ɗaya cikin goma na mega bai kai ba. Saƙon rubutu yana ratsawa ko rezo na da sanda guda, kuma ba ya neman wata manhaja kafin ya buɗe.

Na biyu, kowane saƙon rubutu yana tafiya da murya. A ƙasarmu manya da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, a karkara kuma, musamman cikin mata, abin ya fi haka ƙasa. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp bai kai rabin mega ba. Mun ƙayyade wa kanmu minti ɗaya da rabi, in magana ta fi haka a raba ta biyu. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ta daɗe tana amsa tambayoyin manoma ta waya da saƙonnin murya na WhatsApp da Hausa da Zabarmanci. Studio Kalangou, tun da ya fara a 2016, da harsuna biyar yake watsa labarai ta gidajen rediyo abokan hulɗa. Su sun riga sun gane cewa kunne ne babbar ƙofa a nan.

Na uku, mun koma lissafin da mutane ke yi da bakinsu. Da ina rubuta 500 F, Kawu kuma dala ɗari ya sani. Da ina rubuta kilo, kasuwa kuma tiya take awo. Yanzu a murya dala da jika muke faɗa, a rubutu mu sa duka biyun. Wanda ya taɓa ganin yadda dattijo ke tsayawa yana raba lamba da biyar a kansa kafin ya gane abin da ka ce, ya san wannan ba ƙaramin gyara ba ne.

Na huɗu ya zo mana ne daga Gidan Rumji, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Kun san tun 2019 yankin ya karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. A wuri irin wannan, saƙon murya guda yana iya tayar da gari tsakar dare. Wani abokin aikina na can ya kira ni wata rana, ya ce wata tsohuwar sanarwa da muryata tana yawo a guruf-guruf, mutane sun ɗauka ta ranar ce, alhali ta fi wata huɗu. Ba sanarwar tsaro ba ce, ta canjin ranar wani taro ce, amma na tambayi kaina: da ta tsaro ce fa? Murya ba ta da kwanan wata a goshinta. In an tura ta hannu goma, ba wanda ya san daga ina ta fito. Tun daga ranar, kowane saƙonmu da abu uku yake farawa: sunan gidan rediyo, sunan mai magana, rana da wata da shekara. Hoton sanarwa ma, in dole sai an yi shi, kwanan wata na sama da manyan lambobi. Cikin duk abin da muka sare, wannan ne kaɗai muka ƙara.

Na biyar shi ne shafin intanet. An auna shafukan duniya an ga matsakaicinsu ya haura mega biyu kowane ɗaya, saboda an yi su ne don mutanen da ba sa ƙirga mega. Mu muna ƙirgawa. Muka cire hotuna masu zamewa, muka cire bidiyon da ke tashi da kansa, muka cire akwatin da ke cewa ka yi rajista kafin ka karanta. Abin da ya rage: baƙin rubutu manya a kan fari, don a iya gani cikin rana tsaka a gona, da maɓalli uku masu faɗi da babban yatsa zai iya dannawa ko gilashi ya tsage. Farashi. Sanarwa da cigiya. Saurari shiri. Hoto ɗaya tak ga kowane labari, shi ma a matse shi. Kamfanin Facebook da kansa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda wayoyi da rezo irin namu. In mai wannan dukiya ya yarda ya rage kaya, ban ga dalilin da zai sa ni in ƙara ba.

Wasu matasa sun zo mini da shawarar mu yi manhajar kanmu, wadda za a sauke a waya. Na ce su duba wayar ɗan Kawu tukuna. Cike take da hotunan biki da wa'azi da waƙoƙin da aka tura masa ta Bluetooth da Xender, kullum tana kukan ba wuri. Wa zai share wa'azin da yake so don ya sa manhajar rediyon da yake kamawa kyauta a FM? Inda mutane suke, can za ka same su, kuma WhatsApp da Facebook suke.

Akwai wani abu da ya shafi rubutun Hausa da nake so masu tura SMS su sani, don har yanzu gidaje da yawa ƙaramar waya mai maɓalli ce kawai gare su. SMS ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Amma da zarar ka sa harafi mai ƙugiya guda, ɗ ko ƙ ko ɓ ko ƴ, sai ya koma 70, domin haruffanmu ba sa cikin jerin da aka gina SMS a kansa tun farko. Saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗi ya ninka, wasu tsofaffin wayoyi kuma akwati-akwati za su nuna a madadin harafin. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, da ƙa'idar da ƙasarmu ta tsayar tun 1999, balle yanzu da kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. A WhatsApp da Facebook da shafinmu ba ma wasa da ƙugiya, tunda allon rubutu na Gboard yana da Hausa. A SMS kuwa muna sauke ta, sai dai mu kauce wa kalmar da za ta rikita ma'ana. Sunayen garuruwa ma mun tsayar da rubutu guda. Allon bakin hanya ya ce Gazaoua, Tchadoua, Aguié, Guidan Roumdji. Bakinmu ya ce Gazawa, Cadawa, Agye, Gidan Rumji. In yau ka rubuta wannan gobe wancan, mai neman farashin garinsu cikin tsofaffin saƙonni ba zai same shi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, sassaben nan ya zo da asara. Yabon Yamai ya ƙare. Wani abokina ya ce mini shafinmu ya koma kamar allon makaranta. Ranar da muka je neman tallafi wurin wasu masu ba da taimako, na ga yadda suka kalli shafin, na ga kuma yadda suka kalli na wasu mai walƙiya. Ban ga laifinsu ba, su ma a kwamfutar ofis suke dubawa, kamar ni a da. Murya ita ma tana da nata aibi: ba a iya bincika ta kamar rubutu, kurma ba ya jin ta, kuma ba a saurarenta cikin taro ba tare da kowa ya ji ba. Shi ya sa muke tura biyun tare. Sannan akwai ranakun da hannuna ke ƙaiƙayi in ƙara ɗan launi, in ƙara ɗan tambari. Ɗan lakkwal ɗin nan da ke cikina bai mutu ba.

Abin da ke tsare ni shi ne wata doka guda da muka kafa. Mun sayi tsohuwar itel a kasuwa, muka ajiye ta a sutudiyo, ba a haɗa ta da wifi. Duk abin da za mu fitar, sai an fara buɗe shi a kanta da megan saye. In an ƙirga goma bai buɗe ba, ba ya fita. In ya buɗe, sai a miƙa wa mai gadinmu, dattijo ne da ya yi allo bai yi boko ba, a tambaye shi: Baba, mi kuka gane? In ya faɗi abin da muke nufi, a tura. In ya yi shiru yana juya wayar, a koma a gyara. Ya fi duk wani horo da na taɓa yi amfani.

Ƴan uwana masu shafukan Tsibiri, Cadakori, Cadawa, Agye, Gangara da Gazawa, na san yawancinku ba a biyan ku ko dala. Da megan ku kuke aiki, don son garinku. Ina roƙonku abu guda: kafin ku danna tura, ku tuna mutum ɗaya takamaimai, na can ƙarshen rezo, wanda ya ba da wayarsa caji a shagon mai sola da safe ya karɓo da yamma. Damina na zuwa, za a fara sanarwar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara ƴan wata 3 zuwa 59, za a yi ta allurar dabbobi, za a yi ta iri da taki. Ku sa rana da wuri da sa'a a layin farko. Jawabin godiya ga manyan baƙi ya jira a ƙasa, ba inda za shi.

Bara da kaka Kawu ya turo mini saƙon murya ta wayar ɗansa, daƙiƙa 14. Ya ce ya ji farashin Cadawa da na Gazawa, ya riƙe ayarsa sai mako mai zuwa, in gaida iyali. Jika 12 ɗin nan kuwa na kai masa da Sallah cikin ambulan, ya ƙi karɓa, ya ce in sai wa yara takalma. Har yanzu ina jin bashi ne a kaina.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da yankinmu lafiya.